Maimaita kalaman 'yan barkwanci: maza da mata, wa ke yi, kuma yaya?

Bashir: Masu sauraro barkanmu da warhaka. Hajiya Binta, ana cewa haddace kalaman 'yan wasan barkwanci a riƙa maimaitawa a cikin hira aikin maza ne. Kin yarda?

Binta: Ban yarda duka ba, Malam Bashir. Kowa na maimaitawa, amfanin da ake yi da kalmar ne ya bambanta. A taron maza, ɗaya zai jefa farkon maganar, wani ya cafe ya ƙarasa, na uku ya kwaikwayi muryar. Wanda ya ƙarasa daidai ya nuna ɗan gida ne.

Aminu: Har da gyara! Ka sauya kalma ɗaya, wani ya ce ba haka ya faɗa ba.

Binta: To ka gani. Mata kuwa, a ganina, sun fi ɗauko jimla guda su ɗora ta a kan abin da ya faru da su, ko su tura sitikarta a WhatsApp daidai gaɓar da ta dace. Jennifer Hay, wata masaniyar harshe, ta nazarci hirar abokai a New Zealand, ta wallafa a 2000, ta ga mata sun fi ba da labarin kansu mai ban dariya don ƙara danƙon zumunci.

Bashir: Dariyar fa, wa ya fi yi?

Aminu: Robert Provine, wani masani a Amurka, ya bi dariya 1,200 a hirar yau da kullum. Mata sun fi dariya, maza sun fi samun a yi musu. Kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina, mai magana ya fi mai sauraro dariya da kashi 46 cikin ɗari. Wato mai maimaitawar nan, sau da yawa kansa yake wa nishaɗi.

Binta: Shi ya sa abin ke lalacewa idan an gauraya waɗanda suka kalli wasan da waɗanda ba su kalla ba. Mutum huɗu sun kalli wasan, ɗaya bai kalla ba, an mayar da shi ɗan kallo ke nan. Sai a ce bari a yi masa bayani, bayani kuwa kashe dariya yake, don daɗin yana cikin bazata da murya.

Bashir: To ya za a yi?

Aminu: Jimla ɗaya ko biyu, kada ka zubo wasan gaba ɗaya. Jira abin da ake magana a kai ya yi kama da wasan kafin ka jefa. Ka ɗan dakata kafin kalmar ƙarshe. Idan ba wanda ya cafe, wuce kawai, kada ka sake.

Binta: Wanda bai gani ba kuma a tura masa bidiyon daga baya, ba a tsayar da hira a miƙa masa waya kowa na leƙen fuskarsa ko zai yi dariya ba.

Bashir: Aminu, da kai take.

Aminu: Na ji, Hajiya. Mu je hutu mu dawo.