Laccar Tunawa da Mikhail Kalashnikov, Sajan Tanka da Ya Koma Masana'anta

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa uku zan taɓo a kan mutumin nan: asalinsa, aikinsa na soja, sai zamansa a masana'anta.

Na farko dai, an haifi Mikhail Kalashnikov a 1919 a ƙauyen Kurya, yankin Altai na Rasha, ɗan manoma ne. A 1930 gwamnatin Stalin ta ƙwace musu gona, ta kora su yankin Tomsk a Saberiya, wai sun cika arziki. A 1938 aka ɗauke shi soja, ya zama direban tankar yaƙi kuma makanikinta. A watan Oktoban 1941, a gumurzun Bryansk da Jamusawa, ya ji mummunan rauni a kafaɗa. Yana kwance a asibiti yana jin 'yan uwansa sojoji suna kukan rashin bindiga mai sarrafa kanta. Daga nan ya fara zane a takarda. Bindigar farko da ya haɗa a wurin gyaran jiragen ƙasa na Matai, a Kazakistan, ba ta samu karɓuwa ba. Sai a 1947 ya fito da wadda kuka sani, wato AK-47, sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓe ta a 1949.

To nan nake so ku tsaya da ni, domin nan ne zuciyata take. Injiniyoyi da yawa burinsu ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe cif, ko gashi ba zai ratsa ba. Shi kuwa da gangan ya bar sarari tsakanin sassan da ke motsi. Da gangan fa! Ku duba ƙofar katako da damina: in kafinta ya matse ta sosai, ruwa na taɓa ta sai ta kumbura ta ƙi rufuwa. Wadda aka bar wa ɗan sarari ita ke aiki. Haka bindigarsa take, yashi ya shiga, taɓo ya shiga, ta ci gaba da harbi. Wane ne zai yi wannan tunani? Sai wanda ya kwana a rami, ya san hannun soja na rawa saboda sanyi da tsoro. Ku dubi makullinta na gefen dama, ƙato ne, don soja mai safar hannu a ƙanƙarar Rasha ya iya taɓa shi. Ana warware ta ba sukundireba, ba sifana. Alhaji yana murmushi, da alama tsohon soja ne, ya warware ta da ido a rufe a Depo na Zariya. Eh, an biya farashi: a nesa ba ta kai M16 ta Amurka saiti ba. Amma a Biyetnam M16 ɗin ta riƙa cijewa har majalisar dokokin Amurka ta yi bincike a 1967. Sarari, jama'a. Sarari!

Na biyu... a'a, mun ci na biyun a cikin na farko. Mu tafi masana'anta. A 1949 ya ajiye kaki ya tare a birnin Izhevsk, ya yi aiki a can har tsufansa. Daga hannunsa sababbin samfurin bindigar suka fito: AKM a 1959, sai AK-74. Girma ya samu, har muƙamin laftanar janar, har Mozambik ta sa bindigarsa a tutarta. Kuɗi fa? Albashin gwamnati. Da suka haɗu da Eugene Stoner mai M16 a 1990, ɗaya attajiri ne, ɗaya ma'aikaci. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 94.

Na'am, ɗan'uwa mai farar hula?

(Wani daga cikin masu sauraro ya tambaya ko yana da alhakin jinin da 'yan bindiga ke zubarwa a Zamfara da Katsina da bindigarsa.)

Wallahi tambayarka ta fi laccar nauyi. Shekaru da yawa amsarsa ita ce ya ƙera ta don kare ƙasarsa, laifin na 'yan siyasa ne. Har ya taɓa cewa da ya so a ce abin da zai amfani manomi ya ƙirƙiro, irin injin yankan ciyawa. Amma kafin rasuwarsa ya rubuta wa shugaban cocin Orthodox na Rasha, Kirill, wasiƙa, yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigar ta kashe yana wuyansa. Jaridar Izvestia ta buga ta a farkon 2014. Cocin ta ce masa makamin kare ƙasa ba laifi ba ne. Ni a ganina sauƙin nan da na yi ta yabo, shi ne dai ya sa yaro ɗan shekara goma sha biyu a daji yake iya riƙe ta. Hukuncin alhaki kuwa, ga Malam nan zaune a gaba, ya fi ni sani. A miƙa masa makirufo.