Babur ɗin ƙanƙara mai bugu huɗu: nauyin kai daga ƙarƙashin kujera ake gyara shi

Jama'a, ku dubi kafaɗun direban nan. Kwanar ba wata babba ba ce, amma sai da ya sa ƙarfinsa duka kafin kan babur ɗin ya yarda ya juya. Yanzu ku dubi sawun da ya bari a miƙaƙƙiyar hanya. Ya yi dama, ya yi hagu, alhali hannunsa bai motsa ba. Waɗannan biyun, nauyin kai da fizga, su ne kukan da aka fi ji daga bakin wanda ya sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu mai inji mai bugu huɗu. Babur ne da ke tafiya a kan ƙanƙara ba da tayoyi ba: a gaba siki biyu, wato falle biyu masu sulɓi da ake juyawa da hannu, a baya kuma faffaɗan bel mai tura shi.

Masu irin wannan kuka ba za su ragu ba. A watan Yunin 2023 Yamaha ta sanar cewa ƙirar 2025 ce ta ƙarshe da za ta fitar, don haka mai son Apex ko RS Vector ko FX Nytro, kasuwar na hannu zai nufa. Haka ma Ski-Doo masu injin 1200 4-TEC da 900 ACE sun daɗe suna canza hannu a Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen arewacin Turai. Injinan nan akwai juriya, ba a haɗa musu mai da fetur, ba hayaƙi. Kuɗin da ake biya shi ne nauyi, gomman kilo sama da takwarorinsu masu bugu biyu, kuma akasarinsa a gaba yake, a kan siki biyun nan.

Kafin a taɓa saiti, sai an tabbatar babu abin da ya mutu. A nan sauri za mu yi. Ɗaga gaba da jak, kama siki, girgiza shi. In ya yi lakwa-lakwa, bi sawu: bushin ɗin hannayen gaba, boljon, kan tayarod. A tsofaffin Yamaha bushin ɗin roba ne, cinyewa yake, shi ya sa da yawa ke musanya shi da na tagulla. Koma baya, juya kowace ƙaramar taya ta cikin bel da hannu, wadda ta yi gurnani boris ɗinta ya tafi. Duba robar zamiya da ke ƙarƙashin dogayen ƙarafan nan biyu na cikin bel, akwai layi a jikinta, in ci ya kai layin a canza. Sannan danna bayan babur ɗin ka saki. In ya yi tsalle ya dawo da sauri, ko ka ga danshin mai a jikin shokozoba, ta mutu. Yawancin na kamfanonin KYB da Fox masu jikin alminiyam ana buɗe su a zuba sabon mai da iskar naitirojin, kuma ya fi sayen sabuwa araha nesa ba kusa ba. Mai sayarwa zai ce maka bara ya gyara su. To, Allah ya sa.

Sai bel ɗin tafiya. Ɗaga baya, kowa ya kauce daga bayansa, juya shi a hankali, kashe inji, cire makulli. Tazarar da ke tsakanin robar zamiya da 'yan ƙarafan da ke riƙe bel ta zama ɗaya hagu da dama. Ɗaurinsa kuwa, a yawancin Yamaha ana rataya nauyin kilo 10 a tsakiya, ya saki milimita 30 zuwa 35, amma littafin babur ɗinka shi ne alƙali. Sai bel ya miƙe sannan ake yin alaimen ɗin siki, domin da shi ake auna su. Ɗaura roba tsakanin hancin siki biyu ta ja su ciki kaɗan, ta kashe wasan da ke jiki, sannan ka auna tazarar gaba da ta baya. Gaba ta fi faɗi da kamar milimita 3. In hancin ya tsuke ciki, ko da kaɗan ne, fizga ta samu gida.

To, ga inda muka nufa.

Mutum ya ji kai ya yi nauyi, sai ya ɗauki sufana ya tsuguna gaban babur, ya kama sifirin ɗin siki. Wani ya ɗaure, wani ya sassauta, duk su dawo suna cewa ba abin da ya canza, ko ma abin ya ƙara lalacewa. Dalili shi ne babur ɗin nan a wuri uku yake tsaye: siki a gaba, goshin bel a tsakiya, da ƙarshen bel a baya. Tamkar tukunya ce a kan murhu mai duwatsu uku, in ka ɗaga dutse ɗaya ya karɓi nauyi, sauran biyun sun huta, in ka sauke shi nauyin ya koma kansu. Dutsen da ya fi iko da hannunka shi ne na tsakiya, kuma ga shi can ɓoye a cikin bel, ƙarƙashin tankin mai, inda sai ka kwanta a ƙasa za ka gan shi. Ita ce shokozobar tsakiya.

Ga gwaji. Sikeli ɗaya ƙarƙashin kowane siki, katako ƙarƙashin bel don tsayi ya zo ɗaya, direba ya hau. Ku riƙe lambar a ka. Yanzu mun ƙara ɗaure zoben sifirin ɗin tsakiya zagaye biyu. Ba wanda ya taɓa gaba. Ku sake duba lambar.

Ta sauka. Goshin bel ya ƙara danna ƙasa, ya karɓe wani kaso na kayan da siki ke ɗauke da shi, kai ya yi sauƙi, fizga ta ragu. In ka sassauta zoben, akasin haka ne, siki ya nutse, ya ciji hanya sosai a kwana, amma kafaɗunka su biya. Shi ke nan sirrin, sai dai yana da iyaka. In ka zarce wajen ɗaurewa, babur ɗin zai koma yana lilo a kan tsakiyarsa. Ka juya kai a kwana ya ƙi, ya miƙe da kai cikin itatuwa, ka ba shi totur sikin ciki ya ɗaga sama. In kuma ka zarce wajen sassautawa har sifirin ya rasa ɗauri lokacin da babur ke rataye, zoben da ke riƙe shi na iya faɗuwa a hanya. Ko yaya dai, ka bar shi da ɗan ɗauri.

Kusa da shokozobar nan akwai wani maɗauri mai ramuka. Shi ne ke hana hannun gaba na cikin bel sauka ƙasa fiye da kima, kuma nan ne ruɗani na biyu. Gajarta shi, ka ɗaga goshin bel, nauyi ya koma kan siki, musamman lokacin da kake kan totur. Tsawaita shi, siki ya yi sauƙi, babur ya fi ɗaga kai in ka taka. Mutane na son gajarta shi saboda sakamakon nan take ne, babur ya kwanta a kwana ya daina ɗaga ƙafa. Abin da ba sa lissafawa shi ne sun yanke wa shokozobar tsakiya tafiyarta, sai kowane rami ya doki bayansu, kai kuma ya ƙara nauyi, ga inji mai bugu huɗu dama can yana danne da shi. A ganinmu maɗaurin nan makamin ƙarshe ne. Fara da shi a ramin da kamfani ya sa shi, yi wasa da sifirin tukuna, sai in siki ya ci gaba da ɗagawa a kwana sannan ka matsa rami ɗaya tak. Kuma duk lokacin da ka taɓa shi, ka sake auna ɗaurin bel.

Masu Apex da Vector ɗin da suka zo da Mono Shock, kada ku wahalar da kanku kuna neman shokozobar tsakiya, babu ita, guda ɗaya ce ke ɗauke da bayan duka. Ku abin da ke hannunku shi ne ɗaurin sifirin ɗinta, maɗauri, da sandar da ke tsara yadda nauyi ke komawa baya in an taka totur. Masu Apex na 2011 zuwa sama kuma, da suka zo da sitiyari mai taimakon lantarki, hannunku ba zai gaya muku gaskiya ba. Injin lantarkin ne ke ɗaukar wahalar, amma nauyin na nan a kan siki, sai ku karanta shi a jikin ƙarfen da ke cinyewa.

Dutse na uku, baya. Shi ma yana da hannu a kan sitiyari, in ka ɗaga baya ka tura nauyi gaba. Shi ya sa ake fara saita shi kafin na tsakiya. Ɗaga baya ka saki a hankali, auna daga ƙasa zuwa ƙarfen baya. Hau da cikakkiyar shigarka, hular kwano, jaka, komai, wani ya sake aunawa. Ski-Doo na neman bambancin milimita 50 zuwa 75 a yawancin baburanta na hanya. In ya wuce haka, ƙara mataki a jikin makullin sifirin, hagu da dama daidai wa daida. In ka kai matakin ƙarshe bai isa ba, sifirin ya gaji ko ya yi maka kaɗan, sai sabo. Ɗaure sifirin ba ya ƙara masa tauri, tsayin da babur ke zama kawai yake canzawa, don haka mai nauyin kilo 110 ba zai gyara sifirin ɗin mai kilo 70 da sufana ba.

Akwai kuma 'yan dunƙulen nan masu lambobi a hannun baya. Ƙaramar lamba, babur ya fi ɗaga kai. Babbar lamba, siki ya zauna a ƙasa. Duka biyun lamba ɗaya.

Sifirin ɗin siki fa, wanda kowa ke fara kamawa? Aikinsa tsayin gaba ne da hana shi dukan ƙasa a rami. Ɗaure shi da yawa na ɗaga injin nan mai nauyi sama, babur ya fi son kifewa a kwana. Bar gaba ya zauna ƙasa-ƙasa, hannayen ƙasa sun kusa kwantawa a miƙe, in har yanzu yana karkata, sitabilaiza mai kauri, wato sandar da ke hana karkata, ta fi ɗaure sifirin amfani.

Dokar aiki kuwa: abu ɗaya a lokaci ɗaya, zagaye biyu, a rubuta, a bi hanya ɗaya a dawo. Kuma ƙanƙarar safe mai tauri da ta la'asar mai laushi amsa biyu za su ba ka.

Kifa siki mu gani. Sandar ƙarfen da ke ƙarƙashinsa mai bakin kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, ita ce wuƙar da ke yanka hanya. In gabanta ya fi bayanta cinyewa, robar da ke tsakanin siki da ƙafarsa ta lotse, siki na tafiya a kan hancinsa, yana faɗawa cikin sawun duk wanda ya riga ka wucewa. Sa sabuwar roba, ko ka cusa falle mai kaurin milimita 3 zuwa 6 ƙarƙashin bayanta. Aikin minti kaɗan ne, kuma ya sha kashe fizgar da mutane ke sayen sabon siki dominta. In ta ƙi, wuƙa mai baki biyu na maganinta, sai dai tana rage cizo a kwana.

Tsawon kabaid kuma da ƙusoshin da ake kafa wa bel don ya kama ƙanƙara yake tafiya. Bel marar ƙusa, inci 4 ya wadatar. Ƙusa 96 a bel mai inci 121, wato biyu a kowane layi, sai inci 6. Ka sa ƙusa 144 da gajeren kabaid, baya na turawa gaba ba ya riƙewa. Ka sa dogon kabaid ba ƙusa, gaba ya cije baya ya wulwulo.

In shokozobobin gabanka Fox Float ne masu iska, a ɗaga siki daga ƙasa kafin a auna, kuma a auna a cikin sanyin da za a hau. Iskar da ka sa matsinta ya kai psi 70 a gareji mai ɗumin digiri 20, in ta fita waje a digiri 20 ƙasa da sifiri, kusan 58 za ta koma. Fitar da babur ɗin waje ya huce tukuna, sannan ka ɗauko famfo.