Zungeru, Hedikwatar Arewa da Aka Bari a Bakin Kogi

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau Jihar Neja muka nufa. Yaya Sani, cikin duk garuruwan bakin ruwa, me ya sa ka zaɓo mana Zungeru?

Sani: Saboda in ana maganar tsofaffin hedikwatocin Turawa, kowa na zancen Lokoja, Zungeru kuwa an manta da ita. Garin nan yana bakin kogin Kaduna, a Ƙaramar Hukumar Wushishi, ba nisa da Minna. A 1902 Lugga (Lugard), shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya taso da hedikwatarsa daga Jebba ya dawo nan. Lokacin da aka ci Kano da Sakkwato a 1903, daga Zungeru ake ba da umarni.

Bilkisu: Ikon Allah! Wato kafin Kaduna?

Sani: Ƙwarai. Sai wajen 1916 aka tattara aka koma Kaduna. Kin san gadar ƙarfen nan ta Lugga da ke wurin shaƙatawa na Gamji a Kaduna?

Bilkisu: Na sha hawa ina yarinya.

Sani: To, a Zungeru aka fara kafa ta a 1904, daga baya aka kwance aka kai ta can. A 1904 ɗin kuma aka haifi Nnamdi Azikiwe a Zungeru, shi ya sa ya tashi da Hausa a bakinsa. Ojukwu ma nan aka haife shi, a 1933.

Bilkisu: To wanda ya je yau, me zai tarar?

Sani: Nan ne abin ke min ciwo, ƙanwata. Kufai ne. Ginshiƙan ofisoshin Turawa na tsaye cikin ciyawa, ga maƙabartarsu, ga gadar jirgin ƙasa a kan kogin. Ba don son mulkin mallaka nake cewa a gyara ba. A wurin nan aka riƙa yanke hukunci kan sarakunanmu, ya kamata 'ya'yanmu su taka ƙasar, su ga inda abin ya faru.

Bilkisu: Ga kuma sabon dam ɗin wutar lantarki.

Sani: Mai megawat 700. Garin da ke ba ƙasa wuta ya fi ƙarfin a bar tarihinsa ga gara.

Bilkisu: Hanya fa? Ka san yanayin tsaro a yankin.

Sani: A tambayi mutanen Minna halin da ake ciki kafin a tashi. A fita da sassafe, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a juyo kafin la'asar. Rani ya fi daɗin zuwa, an ƙone ciyawa, kufan duk sun fito fili.