Kafin a cike fom, an riga an zaɓa

Assalamu alaikum. Iyaye, malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa.

Mun ɗauka ranar da yaro ya cike fom ɗin jami'a ne yake zaɓar abin da zai karanta. Ni kuwa ina ganin an gama zaɓin tun yana firamare, kuma da bakinmu mu iyaye aka yi shi.

A shekarun 1980, Jacquelynne Eccles, wata mai bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka, da abokan aikinta sun gano cewa idan ɗa namiji ya ci lissafi, iyaye sukan ce baiwa ce, in kuwa mace ce sai a ce ai dagewa ta yi. Ku lura fa, maki ɗaya ne, yabon ne ya bambanta. Wadda kullum ake ce wa "kin yi ƙoƙari", ranar da darasi ya yi tsauri sai ta ɗauka iyakarta ke nan. Shi kuwa an riga an gaya masa fagen nasa ne, ko ya faɗi zai sake tashi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin iyayen da ke faɗin haka da ƙauna suke faɗa.

Rahoton 2015 na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ya nuna a Chile da Hungary da Portugal kusan rabin iyaye na sa ran ɗansu zai yi aikin kimiyya ko injiniya, amma masu yi wa 'yarsu wannan fata ba su kai kashi 20 cikin 100 ba.

Na san wani zai ce ai halitta ce. To, a Amurka a 1984 mata ne suka karɓi kashi 37 cikin 100 na digirin kimiyyar kwamfuta. Zuwa 2010 abin ya dawo wajen 18. Halitta ce ta sauya cikin shekara 26? A tsakanin nan kwamfuta ta shigo gidaje, aka riƙa tallata ta kamar kayan wasan samari, iyaye suka riƙa ajiye ta a ɗakin ɗa namiji.

Su ma mazan ba su tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin ma'aikatan jinya 10, kusan 9 mata ne. Yaro mai tausayi da haƙurin kula da marar lafiya zai ce yana son aikin jinya, uba ya haɗa rai ya ce "aikin mata?" Shi ke nan, sai ya tafi injiniya ya shafe shekaru yana fama da karatun da ransa bai taɓa so ba.