Idan Alamar Tarawa Ta Sauya Aiki, Ina Dibaga Take Samo Amsarta?

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Malam Habu za mu tattauna a kan dibaga, wato manhajar da mai rubuta shirin kwamfuta yake tsayar da shirinsa da ita ana tsaka da aiki, domin ya leƙa ciki ya gano inda kuskure ya ɓuya. Malam, mene ne ya haɗa ta da alamomin lissafi har abin ya zama abin gwaji?

Habu: Wa alaikumus salam, Malama Zainab. A harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya fara aikinsa a Bell Labs a shekarar 1979, an ba mai rubutu damar ɗora wa alamomi irin su + da == da [] sabon aiki, gwargwadon ajin da ya ƙirƙira, wato sabon nau'in bayanai da ya tsara da kansa. A ce na gina aji mai suna Kudi, da gurbin naira da gurbin kwabo, sannan na rubuta masa operator+ da ke mayar da kwabo ɗari ya zama naira ɗaya. Idan a yana riƙe da naira 150 da kwabo 75, b kuma naira 20 da kwabo 50, to a + b zai ba da naira 171 da kwabo 25. Alamar tana nan yadda kowa ya san ta, amma a ƙarƙashinta kiran wani aiki ne da ni na rubuta.

Zainab: To idan na tsayar da shirin a cikin dibagar GDB na rubuta print a + b, ba kwamfaila ba ce, wato manhajar da ke fassara rubutun shiri zuwa harshen na'ura, za ta ba ni amsa?

Habu: A nan gizo ke saƙa. Kwamfaila ta gama aikinta tun kafin shirin ya fara gudu, ta tafi abinta. GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, tana da nata mai fassara jimla da nata dokokin zaɓen aikin da ya dace, kuma tana dogara ne da bayanan DWARF, wato bayanan taimaka wa dibaga da kwamfaila ta bari idan an haɗa shirin da zaɓin -g. Ke nan wata manhaja ce daban take kwaikwayon hukuncin da kwamfaila za ta yanke, kuma mai kwaikwayo yana iya kuskure. Wata dibagar mai suna LLDB ta bi wata hanya, domin kwamfailar Clang take miƙa wa jimlar ta harhaɗa mata, amma ita ma tana tuntuɓe idan bayanan da aka bar mata ba su cika ba.

Zainab: Na taɓa duba jerin sunayen da ke cikin wani shiri, ban ga operator+ ko ɗaya ba, sai wasu haruffa kamar rubutun tsafi.

Habu: Abin da kika gani shi ne sunan da kwamfaila ta murɗe. A tsarin da kwamfailolin GCC da Clang suke bi a kan Linux, alamar tarawa takan koma pl, ta daidaito ta koma eq, ta [] kuma ta koma ix, saboda haka aikin namu zai bayyana a matsayin _ZNK4KudiplERKS_, sai an ba manhajar c++filt ta warware shi. Gwaji na farko ke nan: a rubuta break Kudi::operator+ a ga ko shirin zai tsaya a layin da ya dace. Wanda ya fi wahala shi ne operator< da operator(), domin alamar < ita ce kuma take buɗe jerin nau'o'in da ke bin sunan tamfilet, wato zubin da kwamfaila ke fitar da aji ko aiki daga gare shi, baka kuwa ita take buɗe jerin abin da ake miƙa wa aiki, don haka mai fassara yana iya yanke sunan a inda ba nan ya ƙare ba.

Zainab: Yaya masu kula da GDB suke tsara irin wannan gwaji?

Habu: Suna amfani da DejaGnu, wani tsarin gudanar da gwaje-gwaje da aka gina a kan manhajar Expect da harshen Tcl, kuma gwaje-gwajen C++ suna cikin babban fayil mai suna gdb.cp. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya: a haɗa ƙaramin shiri, a tsayar da shi, a aika umarni, a kwatanta abin da ya fito da abin da ake jira. Gwanintar tana wajen zaɓen lambobi. Da gangan na ɗauki kwabo 75 da 50, domin idan aka tara gurbi da gurbi ba tare da an kira aikina ba, za a ga naira 170 da kwabo 125, asiri ya tonu nan take. Da na ɗauki kwabo 10 da 20, amsar kuskure da ta daidai za su zo iri ɗaya, gwajin ya wuce lafiya alhali bai gwada komai ba. Haka kuma sai a gwada 2 * a, wanda ba zai yiwu ya zama aikin cikin aji ba tunda lamba ce a hagu, dole dibaga ta nemo shi a waje.

Zainab: Akwai saƙon da ya sha ba ni haushi, inda GDB take cewa ba ta samu operator[] ba, alhali ga shi ina kallonsa a cikin std::vector, tamfilet ɗin C++ na adana jerin abubuwa.

Habu: Kina kallonsa a rubuce ne, amma babu shi a cikin shirin da aka haɗa. Kwamfaila ba ta samar da aikin tamfilet sai an kira shi a wani wuri, kuma idan an haɗa da -O2, zaɓin da ke sa ta inganta saurin shiri, tana iya narkar da shi cikin mai kiransa har ya zama babu adireshin da za a kira. Shi ya sa a ganina gwajin da aka yi da -O0 kaɗai, wato ba tare da wannan ingantawa ba, rabin gwaji ne. Domin rage wannan matsala aka samar da xmethods, ƙananan ayyukan Python da GDB take gudanarwa a madadin na ainihi.

Zainab: Idan kuma ta same shi, kiransa take yi da gaske a cikin shirin da aka tsayar?

Habu: Da gaske take kiransa, kuma wannan ya taɓa cinye mini yini guda. Ina neman dalilin da ya sa wani std::map, ma'ajin da ke haɗa kowane mabuɗi da abin da aka ajiye masa, yake da abin da ban zuba masa ba, ina ta rubuta print m[k] ina dubawa, ashe operator[] na map yana ƙirƙirar sabon gurbi ne duk lokacin da mabuɗin da aka nema ba ya nan. Ni da hannuna nake ƙara abin da nake farauta. Tun daga ranar, duk gwajin da na rubuta sai na sa an karanta girman ma'ajin kafin umarnin da kuma bayansa.

Zainab: To, Malam, sai ka buɗe kwamfutarka mu fara da ajin Kudi, ni kuma zan riƙa karanto wa masu sauraro abin da ya fito a allo.