Amsoshin Tambayoyinku: Asabar da Lahadi ba waya, ba talabijin

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu uku muka haɗa yau, don duk hanya ɗaya suka bi.

Ta farko daga wata uwa ce a Kano. Ta ce: "Yarana huɗu, babban shekararsa 13, auta kuma 2. Daga an tashi makaranta ran Juma'a har daren Lahadi, in ba waya ba to talabijin. Ina so mu yi Asabar da Lahadi guda babu su, amma ina tsoron rigima. Ta ina zan fara?"

To Hajiya, ki fara da maigida, sannan ke kanki. Ba yaron da zai yarda a karɓe masa waya alhali yana kallon Ummansa a tsakar gida tana bin status ɗin ƙawaye a WhatsApp. Tun daren Alhamis a zauna a faɗa musu abin da za a yi, kuma kada ya zo bayan wani ya yi laifi, sai su ɗauka horo ne. Ran Juma'a bayan Isha'i ki ɗauko samira mai murfi, Abbansu ya fara saka tasa a gabansu, ke ki bi, a haɗa da rimot a rufe, a ɗora can sama.

Rigima kam za a yi ta, kada ma ki yi tsammanin akasin haka. Amma ba duk yinin ne mai wuya ba. Da safe Islamiyya da wanki sun ɗauke hankalinsu. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin Azahar da La'asar, rana ta take ba wurin fita, sai kuma bayan Isha'i. Waɗannan biyun za ki yi wa tanadi, domin in kika karɓe waya ba ki ba su komai a madadinta ba, ke za su dama.

Da rana a shimfiɗa tabarma a inuwa a haƙa dara: gurbi 30, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa wancan tsinke, wanda ya jera uku ya cinye ɗan abokin wasansa. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinta ba, kuma na tabbata Abbansu ma sai ya yi tunani kafin ya tuna dokokin. 'Yan mata ga carafke. A shigar da su madafi kuma, maza da mata. Ki bar mai bi wa babban ta jefa ɗanwake a tukunya kina tsaye a kanta. Ko wani ya fito ƙato wani ɗan mitsitsi, da daɗi za ta ci shi tunda hannunta ne. In rana ta yi sanyi sai langa ko ƙwallo a ƙofar gida.

Lahadi a fita. Kuna Kano, ga Gidan Makama kusa da fadar Sarki, ga marinar Ƙofar Mata, ga Dutsen Dala da ake hango birni daga kansa, ga gidan zoo na Audu Bako. In aljihu bai ba da dama ba, kuɗin adaidaita sahu zuwa gidan kaka ya isa, ita ce ma za ta sauke miki nauyin tatsuniya. Da dare kuwa, "ga ta nan ga ta nanku", a sako Gizo da Ƙoƙi, a bi da kacici-kacici. In an ɗauke wuta, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Maganar auta daban ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Don haka nasa tsarin ba na kwana biyu ba ne, na kullum ne.

Wasiƙa ta biyu daga wani magidanci ɗan kasuwa a Maraɗi: "Wayata ita ce shagona, ta nan ake neman kaya ake turo kuɗi. Ya zan yi?"

Alhaji, ba wanda zai ce ka toshe hanyar abincinka. Ka mayar da layinka cikin ƙaramar waya mai madannai, mai nemanka da gaske zai kira. Babbar kuma ka ware mata lokaci biyu, bayan Asuba da bayan Magariba, ka shiga ɗaki ka gama ka mayar. Ka dai tambayi kanka tsakani da Allah, nawa ne ciniki a cikin abin da kake dubawa, nawa ne TikTok.

Ta ƙarshe ƙorafi ce, daga wani saurayi a Katsina: "Babanmu ya kafa wannan doka, ga shi ran Asabar ƙungiyata tana da wasa a Firimiya."

Ɗana, a nan ina bayanka, amma da ladabi za ka je masa. Ka roƙe shi a zaɓi makon da ba a buga gasar, ai daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta hutu ake yi. In ya ƙi, ka saurari sakamakon a rediyo, mu ba a sa mu cikin samira ba. Ko ka ce ya kai ku filin wasa na Muhammadu Dikko ranar da Katsina United ke gida, kai da ƙannenka, ku ga ƙwallo ido da ido.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.