Homwok ɗin 'yata ya kai ni Girka ina zaune a kicin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da yadda teburin nan yake, kwali ne da gam da zaren ulu ko'ina, ba ni na baza ba wallahi, aikin makaranta ne. Waje kuwa kun gani ta taga, ƙanƙara ce tun jiya take zuba a Kolombos ɗin nan, jihar Ohayo ta Amurka ba ta wasa da sanyi, shi ya sa yau ba fita, a nan za mu yi hirar.

To babbar tawa, kun san ta fari ce ba na faɗin suna, tana aji 6 yanzu, abin da suke ce wa midil sukul, daga aji 6 zuwa 8 kenan, kamar ƙaramar sakandare a wajenmu. Sati uku da suka wuce ta shigo ta ajiye jaka ta ce Mama a ajin Turanci mun fara karatun allolin Girkawa. Na ce me? Innalillahi, allolin wa? Ludayi na hannuna na tsaya. Ta ce Ziyus da matarsa Hira da ɗan'uwansa Fosaidon mai teku, su 12 ne manyan wai suna zaune a saman dutsen Olimfos. Na ce ke rufe min baki, bari Abbanku ya dawo.

Shi ko da ya dawo dariya ya yi, ya ce ki tura wa malamar saƙo mana maimakon ki yi ta hawan jini. Na tura mata imel. Matar kirki, washegari ta amsa, ta ce ba addini suke koyarwa ba, labari ne suke karantawa kamar kowane labari, kuma dalilin da ya sa yake cikin ajin Turanci shi ne kalmomi da yawa daga can aka ɗebo su, yaro in bai san labaran ba zai yi ta cin karo da su a littattafai har jami'a bai san inda suka dosa ba. Ni dai ban gamsu nan take ba, na ce wa yarinya duk abin da aka ba ku ki kawo mu karanta tare. To ai kun ji yadda na koma ɗaliba da tsufana.

Kuma gaskiyar malamar ne fa. Takalmin Nike ɗin nan da yara suke kashe mu da kuɗinsa, sunan gunkiyar nasara ce ta Girkawa. Kumbon da ya kai mutane duniyar wata a 1969, Apollo 11, sunan ɗan Ziyus ne. Agara ma, jijiyar bayan ƙafa da 'yan ƙwallo suke tsinkewa, da Turanci sunan wani jarumi take ɗauke da shi, Akilis, wai uwarsa ta tsoma shi a wani kogi yana jariri don kada makami ya kama shi, sai ta riƙe shi ta dunduniya, wajen bai jiƙe ba, a nan kibiya ta same shi a yaƙin Turoi. Na ce yo wannan ai ɗan tauri ne da aka gano laƙaninsa.

Amma wanda ya zaunar da ni shi ne labarin da 'yata ta zaɓa na firojet, shi ne wannan zaren da kuke gani. Arakni sunanta, wata yarinya ce a ƙasar Lidiya, yankin yana cikin Turkiyya ta yanzu, ubanta marini ne, ita kuma masaƙiya ce da ba a taɓa ganin irinta ba, mutane har barin aikinsu suke su zo kallon hannunta. Sai kai ya kumbura. Aka ce mata ai Atina ce ta koya miki, wato ita ce suke ɗauka uwar hikima da saƙa, ta ce babu wadda ta koya min, in ta isa ta zo mu gwada. Atina ta rikiɗa ta zama tsohuwa da sanda, ta zo ta ce 'yar nan ki janye maganarki ki nemi afuwa, yarinya ta yi mata rashin kunya, sai tsohuwa ta yar da sanda ta bayyana. Aka kafa masaƙa biyu. Abin da ya ba ni mamaki, yarinyar ba ta faɗi ba fa, saƙarta babu aibi ko ɗaya, sai dai abin da ta zana a jiki duk abin kunyar su Ziyus ne, yadda yake rikiɗa yana yaudarar mata. Atina ta fusata ta yaga saƙar ta ƙwala mata ƙoshiya a goshi, daga ƙarshe ta mayar da ita gizo-gizo, ta ce je ki yi ta saƙa ke da zuri'arki. Daga sunanta aka samo kalmar da masana kimiyya suke kiran dangin masu ƙafa 8, gizo-gizo da kunama da kaska.

A aji an ce musu darasin shi ne girman kai, har da kalmarsu ta Girkanci, hubris. Ni kuwa na ce mata ni dai hassada na gani, babba ta ga ƙarama ta fi ta sai ta nuna mata ƙarfi, ko a gidan biki muna ganin irin haka. Muka yi ta musu har shinkafata ta kama. Ta ce za ta rubuta duka biyun, malamar tana son a kawo hujja daga cikin labarin ne kawai.

Ina kankare tukunya sai bakina ya suɓuce na ce mu namu Gizon ai namiji ne, kuma ba wanda ya isa ya yi masa haka, shi ke yi wa zaki da kura wayo. Ta ɗago ta ce Mama wane ne Gizo? Jama'a jikina ya yi sanyi. Yarinya 'yar shekara 11 ta haddace 'ya'yan Ziyus da matansa, ta san labarin Fasifoni da ta ci 'ya'yan rumman a ƙarƙashin ƙasa shi ya sa wai ake hunturu, amma ba ta taɓa jin Ƙoƙi ba. Kuma ba laifin malama ba ne, ita ta yi aikinta.

Daren nan na kashe fitila na tara su su uku a kan kafet, na ce in na ce ga ta nan ga ta nanku, ku ce ta zo mu ji ta. Autan ya ce ta je mu ji ta, muka yi ta dariya. Na ɗauko ta Gizo da hankaki da ɓaure, har da tsamin bakin Gizo ina yi musu, ina kaiwa inda aka bar shi a kan bishiya a tsakiyar ruwa sai labari ya tsere min, kaf, na rasa yadda ya sauko. Suna ta Mama sai me, Mama sai me, na ce ƙurunƙus, a je a kwanta, gobe a ƙarasa.

Na tura wa Hajiyarmu saƙon murya a WhatsApp, awa 6 ne tsakaninmu yanzu, sai da asubarsu ta ji. Ga amsarta nan minti 9, rabin farko duk faɗa ne, wai na kai mata jikoki uwa duniya na mayar da su Turawa. Bari in kira su daga sama in kunna musu, ke zo ki kwashe zaren nan kafin ƙaninki ya zuba masa shayi.